BABI NA UKU: TARIHIN ADANA BAYANAN MARASA LAFIYA DA RUFA ASIRINSU, DAGA ƊAKIN BOKA ZUWA ƊAKIN KATI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda bayanin ciwon Bahaushe ya tashi daga cikin zuciyar mai magani ya koma bisa takarda, sannan daga takarda ya fara shiga na'ura. Za a taƙaita nazarin ga yankin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda na arewacin Jihar Zamfara. Sai dai kasancewar babban abin da ya fito da muhimmancin takardun marasa lafiya fili a ƙasar Hausa ya auku ne a Kano a shekarar 1996, ya zama dole a yada zango a can. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: wane ne ya riƙe asirin maras lafiya a kowane zamani, kuma me ya sami maras lafiyar a lokacin da riƙon ya yi sako-sako?

3.1 Ciwo da Asiri a Al'adar Bahaushe

Kalmar asiri, wadda Hausa ta aro daga Larabci, tana ɗauke da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Akwai asiri na abin da aka ɓoye, akwai kuma asiri na magani, kamar a ce an yi wa wane asiri. Wannan haɗuwa tana nuni da cewa tun fil azal magani da ɓoyo tafiyarsu ɗaya. Boka da wanzami da maɗori da ungozoma duk ba su rubuta komai game da wanda ya zo wurinsu. Abin da suka gani a jikin mutum yana nan cikin kansu, in sun mutu ya bi su kushewa. Malaman tsibbu ne kawai ke da kundi, kuma kamar yadda aikin Bunza (1995) a kan magungunan Hausa a rubuce ya nuna, abin da ke cikin irin waɗannan kundaye shi ne laƙani da hatimi da sunayen itatuwa. Haka ma littattafan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa a kan ilmin magani, cuta da maganinta suka yi bayani. Ke nan abin da aka fi tsarewa a wancan zamani shi ne asirin maganin, shi kuwa na mai ciwon kunya da amana ne suka tsare shi.

Idan aka lura da harshe za a ga yadda Bahaushe ke kewaya wasu cututtuka. Ciwon da ake ɗauka ta hanyar saduwa sai a ce sanyi, wanda ya haukace a ce ya sami taɓuwa ko iska ta buge shi, mace mai ciki kuwa a ce tana da juna biyu, ita kanta ba za ta furta ba sai cikin ya bayyana kansa. Wannan sakayawa tana da dalili mai ƙarfi. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da ita, hauka da kuturta da albaras da wasu cututtukan al'aura suna cikin aibobin da ke bai wa miji ko mata zaɓin warware aure. Saboda haka fitar labarin ciwo yana iya raba aure, yana iya hana 'ya'yan gidan samun manema, yana iya kashe wa mai tuwo-tuwo ko mahauci kasuwa. Ungozomar da ta shiga gida ta fito da labari, ba za a sake aika mata yaro da dare ba, wannan kuwa shi ne hukuncinta.

3.2 Zuwan Kati da Rajista

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, wannan yanki ya shiga cikin Lardin Sakkwato. Asibitocin farko na Turawan ne da sojojinsu da ma'aikatansu. Talaka bai fara haɗuwa da maganin Bature sosai ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, da kuma lokacin da En'e-En'e suka fara buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi a shekarun 1930. A nan ne aka fara tambayar mutum sunansa da na ubansa da garinsu, malamin asibiti ya rubuta a babban littafi. Ya kamata a tuna cewa mutanen karkara sun fara sanin rubuta suna ne ta hanyar haraji da jangali. Don haka ba abin mamaki ba ne in sun yi ɗari-ɗari da duk wani littafi da malami ya buɗe a gabansu.

Rajistar zamanin Turawa an yi ta ne domin amfanin hukuma: a san yawan masu agana da masu sanƙarau, a killace wanda ya kamu, a aika rahoton shekara Kaduna. Mai ciwon ba shi da ta cewa a kan abin da aka rubuta. Wannan ya fi fitowa a sha'anin kuturta. Daga 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi kula da zaman kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. Shigar sunan mutum cikin littafin irin waɗannan wurare tamkar shela ce, domin dagaci ya sani, hakimi ya sani, dangin matarsa ma sun sani.

Bayan samun mulkin kai tsarin ya faɗaɗa ba tare da ya sauya kama ba. Maras lafiya ya yanki kati, a ba shi ƙarami mai lamba ya tafi da shi gida, babban fayil ya zauna a ɗakin kati. A ƙananan asibitocin ƙauye kuwa sau da yawa littafin rubutu na 'yan makaranta ake sa mutum ya sayo, a rubuta masa ciwo da magani, ya tafi da abinsa. In mace ce, littafin yakan ƙare a aljihun mai gida ko a hannun uwar miji. Sai a 1989 gwamnatin soja ta kafa hukumar yi wa jami'an adana bayanan asibiti rajista, da doka mai lamba 39, wanda ya mai da aikin ɗakin kati sana'a mai ƙa'ida.

3.3 Annobar Sanƙarau ta 1996 da Gwajin Trovan a Kano

Shekarar 1996, wadda a cikinta aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, ta fara ne da annobar sanƙarau mafi muni da aka taɓa rubutawa a Nijeriya. Mutane fiye da 109,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, galibinsu yara a jihohin Arewa. A tsakiyar wannan hali ne kamfanin magunguna na Pfizer, daga Amurka, ya turo ma'aikatansa Asibitin Zana da ke Kano domin gwada wani sabon magani mai suna Trovan. An ɗebi yara kimanin 200, aka bai wa wajen rabinsu Trovan, sauran aka yi musu allurar wani sanannen magani domin a kwatanta. Yara 11 suka rasu, biyar daga masu Trovan, shida daga ɗaya rukunin. Wasu suka tashi da kurumta ko makanta ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni masu gwajin suka tattara takardunsu suka koma ƙasarsu.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan ko maganin ne ya yi ɓarnar ko kuwa cutar ce, domin sanƙarau da kansa yana kisa yana kuma nakasawa, kuma wannan ita ce hujjar da kamfanin ya tsaya a kai. Wannan babi ba zai shiga wannan muhawara ba. Abin da ya dame shi shi ne takardu, domin duk shari'ar da aka shafe fiye da shekara goma ana yi, a kan takardu uku ta rataya.

Ta farko ita ce takardar amincewa. Ƙa'idar binciken likitanci ta duniya, tun daga shari'ar likitocin Jamus a Nuremba a 1947, ta wajabta a sanar da mutum cewa gwaji za a yi a kansa, kuma ya yarda. Iyayen yaran sun ce su ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka taimako ne irin wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke bayarwa a cikin asibitin. Kamfanin ya ce nas-nas 'yan gida sun yi wa iyayen bayani da Hausa kuma sun amince da baki. To amma babu takardun da iyayen suka sa wa hannu ko suka dangwala wa yatsa, saboda haka magana ta zama ta wane ya ce, wane ya ce.

Ta biyu ita ce wasiƙar izini daga kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996, wadda aka miƙa wa hukumar kula da magunguna ta Amurka. Bayan jaridar Washington Post ta tono labarin a Disambar 2000, sai shugaban asibitin ya bayyana cewa a lokacin da wasiƙar ke da'awar an rubuta ta, asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Daga baya ta tabbata cewa an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan wata baya. Kwamitin binciken da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001 ƙarƙashin Dokta Abdussalami Nasidi ya yanke cewa gwajin ya saɓa wa doka. Shi ma wannan rahoto sai ya yi ɓatan dabo a ma'aikata, ba a ji ɗuriyarsa ba sai a 2006 da wani ya tsegunta wa 'yan jarida kwafinsa.

Ta uku, wadda ta fi taɓa talaka, ita ce fayil ɗin yaran. A takardun kamfanin an sauya sunan kowane yaro da lamba. Jaridar da aka ambata ta buɗe labarinta ne da wata yarinya 'yar shekara goma da ta rasu, wadda ba a san ta da komai ba sai lamba 6587-0069. Sa lamba a madadin suna hanya ce da masu bincike ke bi domin rufa asirin mutum, kuma abu ne mai kyau, amma da sharaɗin a sami amintaccen wuri a gida inda aka ajiye littafin da ke haɗa lamba da suna. Gwamnatin Kano da ta Tarayya sun shigar da ƙara a 2007, aka sasanta da Kano a Yulin 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. An ware miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Da aka zo rabo sai ga tambaya: su wane ne yaran? A Oktoban 2009 kwamishinan shari'a na jihar ya sanar cewa an nemi fayilolin a Ma'aikatar Lafiya da Asibitin Zana ba a same su ba.

Sakamakon haka mutane 547 suka fito neman diyyar da ta shafi yara 200. Kwamitin rabon, wanda Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali ya shugabanta, ya koma ga gwajin ƙwayoyin halitta, inda za a ɗebi yawun mai da'awa a gwada da samfurin da aka ɗiba a jikin yaran a 1996. Abin lura a nan shi ne, samfurin da bayanan da za a yi alƙalanci da su suna hannun ɓangaren da aka yi ƙara. Wasu iyaye suka ƙi gwajin bisa wannan dalili, aka sake komawa kotu. Sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanensu. Da ɗakin kati ya riƙe amanarsa, da littafi ɗaya ya raba wannan gardama cikin yini guda. A ra'ayin wannan nazari, ɓatan fayilolin nan laifin gida ne tsantsa, ba a iya jingina shi ga baƙo.

Illar ba ta tsaya a Kano ba. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar rigakafin shan-inna a 2003, Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da ita tare da Kano da Kaduna, kuma labarin Trovan na daga cikin hujjojin da aka riƙa kawowa. Mutumin Zurmi da bai taɓa taka Asibitin Zana ba, ya ji a rediyo cewa an gwada magani a kan yaran Hausawa ba da sanin iyayensu ba. Daga nan mai ɗauke da littafi yana bi gida-gida yana tambayar sunayen yara ya zama abin tuhuma.

3.4 Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sirri, amma a dunƙule. An samar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa a 2007. Dokar da ta yi magana kai tsaye a kan fayil ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, daga sashe na 25 zuwa na 29. Ta wajabta wa shugaban kowane asibiti ya buɗe wa kowane maras lafiya fayil ya kuma adana shi. Ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da jiyyarsa da kwanciyarsa sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko na wata doka, ko bisa buƙatar uba ko waliyyi in yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Wanda ya sauya fayil, ko ya lalata shi, ko ya kwafe shi ba da izini ba, zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. A shekarar ce kuma aka yi dokar hana tsangwamar masu cutar ƙanjamau, wadda ta hana tilasta wa mutum bayyana matsayinsa domin neman aiki ko makaranta.

A Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa bayanin lafiya cikin jerin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 in an sami kutsen da ka iya cutar da mutane.

Sai dai akwai dokokin da ke jan akalar zuwa ɗaya gefen. Dokar da Jihar Kano ta yi a 2024 ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure. Manufar mai kyau ce, amma takardar sakamakon takan ratsa hannun waliyyai kafin ta kai ga liman, kuma in aka fasa aure bayan gwaji, unguwa ba ta buƙatar a karanta mata takardar. Haka nan dokar 2017 da ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ita ce kuma ta ce asibiti ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara jiyya.

3.5 Yankin Shinkafi daga 2016

Annobar sanƙarau nau'in C ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Zurmi a ƙarshen 2016, amma labari bai kai ga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ba sai a Fabrairun 2017. Kafin ta lafa, an ƙidaya fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu da fiye da 1,100 da suka rasu a faɗin ƙasa, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha asara. Wannan misali ne na bayanin da doka ta ce a fitar da shi da gaggawa amma ya kwanta a cikin rajista. A cikin watan Afrilu na 2017 gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya alaƙanta annobar da saɓon Allah, musamman zina, maganar da ta jawo masa suka daga wurare da dama. Ko mene ne nufinsa, a al'ummar da ke auna ciwo da ma'aunin kunya, irin wannan furuci yana ƙara wa mai gida dalilin ɓoye mai ciwo a ƙuryar ɗaki. An ga makamancin haka a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400, wasu iyaye suka yi shiru da yawan mace-macen saboda tsoron a hana su haƙar zinariya.

Ta'addancin 'yan bindiga ya sauya nauyin fayil ɗin asibiti gaba ɗaya. Ƙungiyar MSF, wadda ta yi aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta ba da rahoton kula da yara masu tamowa da waɗanda aka harba da kuma matan da aka yi wa fyaɗe a hanya ko a hannun masu garkuwa. Matar da ta dawo daga daji ta je asibiti, abin da aka rubuta a fayil ɗinta yana iya yanke hukuncin zaman aurenta. Wanda ya zo da raunin harsashi kuwa, in sunansa da ƙauyensu suka fita, yana iya fuskantar zargi daga 'yan sa-kai cewa ɗan bindiga ne, ko daga 'yan bindiga cewa ɗan sa-kai ne. Shi kansa ma'aikacin lafiya yana tsakanin wuta biyu, domin doka ta ce ya kai rahoto cikin awa biyu, alhali kowa a garin yana tsoron masu kai wa 'yan daji labari. Ga kuma matsalar da ta fi kowace tsufa: a gari irin Shinkafi mai yankan kati maƙwabci ne ko suruki, ɗakin ganin likita cike yake da 'yan rakiya, kuma sau da yawa dangi ake fara gaya wa sakamakon gwaji kafin mai jikin.

Ana yawan cewa kwamfuta ce maganin ɓatan fayil. Gaskiya ne cewa manhajar DHIS2 da ake tattara alƙaluman wata-wata da ita, da ta SORMAS da aka ƙirƙiro bayan cutar Ebola ta 2014 domin bin sawun annoba, sun rage jinkirin kai rahoto. Ta farkon galibi jimillar adadi take ɗauka, ta biyun kuwa tana ɗaukar suna da unguwa da waɗanda mai ciwon ya yi hulɗa da su, kuma a wayar hannu ko ƙaramar na'ura ake shigar da su, abin da ɗan fashi ke fara ƙwacewa in ya tare hanya. Haka kuma hoton takardar gwaji da ma'aikaci ya tura wa abokin aikinsa ta WhatsApp domin neman shawara yakan zauna a wayar bayan an sallami mai ciwon. A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda aikin soja. An mayar da na Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon waɗannan makonni duk rahoton da zai fita daga Shinkafi ko Zurmi sai dai a rubuta shi a takarda a ba direba, ya bi da shi ta hanyar Ƙaura Namoda zuwa Gusau, hanyar da ita kanta ake tarewa.